Hujjar Mashigin Goggo

Ɗayyaba ba ta taɓa rubuta takarda an maido mata da ita ba. Shekara goma sha ɗaya tana koyarwa a firamaren Tungar Hodi, wata 'yar tungar masunta a bakin gulbi bayan Argungu, kuma duk wasiƙar da ta bar tungar nan zuwa hukuma daga bakin alƙalaminta ta fito. Ita ta rubuta aka haƙa musu rijiyar burtsatse. Ita ta rubuta aka sake rufin aji biyu da iska ta yaye. Saboda haka ranar da Arzika, shugaban ƙungiyar masunta, ya kawo mata fom ɗin neman sauya tsarin aiki, ko gyara zama ba ta yi ba. A kan teburin aji ta cike shi lokacin hutun tara, ta ce masa ya je ya kwantar da hankalinsa, an gama.

Maganar kuwa ita ce ta jinga. Wani shirin gyaran fadama ya zo yana ɗaga jingar ƙasa a gefen gulbi don ta tare ambaliya daga cinye shinkafar mutane, kuma ba wanda ya ƙi wannan, don kowa a tungar yana da ɗan fegin shinkafarsa. Sai dai zanen injiniya ya bi ta kan wani ɗan mashigin ruwa da ya haɗa gulbi da tabkin da ke bayan gari, wanda ake kira Mashigin Goggo, zai binne shi ɗungurungum. Shi kuwa wurin nan, tun kaka da kakanni ba a jefa homa a cikinsa, ba a kafa taru, ba a ko wanke ƙafa. An ce wata iska ce mai suna Goggo take zaune a ciki, kuma gidan su Ɗayyaba ne ke kula da ita. Mahaifinta, tsoho Dankure, shi kaɗai ke zuwa can sau ɗaya a shekara gab da faɗuwar damina, da baƙar kazar da ƙungiya ta tanada. Abin da masunta ke nema shi ne a sa kwalbati a wurin, jinga ta haye ta sama, ruwa ya ci gaba da bin hanyarsa.

Ranar Litinin ta shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ta hau keke mai ƙafa uku zuwa ofishin shirin a wajen Gwadangaji. Wadda ke karɓar takardu wata mace ce doguwa mai tabarau, Judith, 'yar Filato da ta shekara ashirin a Badariya har Hausarta ta fara ɗaukar gishirin Kabi. Ta karanta shafin farko tana gyaɗa kai. Da ta juya na biyu sai ta tsaya, ta sake karantawa, ta tura wa Ɗayyaba takardar a hankali kamar mai miƙa wa baƙo ruwan da ta san ba sanyi.

"Malama, rubutunki kamar na inji. Amma wannan gurbin ba ki cike shi ba."

Ɗayyaba ta duba. Gurbi ne mai taken Rationale da baƙaƙen haruffa, kuma ta cika shi maƙil har ta gangara gefen takarda. Ta buɗe da gaisuwa ga shugaban kwamiti da addu'ar Allah ya ƙara girma. Ta ce su talakawa ne masu biyayya, ba su taɓa saɓa wa hukuma ba. Ta ce wurin nan kakanninsu sun hana a taɓa shi, suna roƙo a dube su da idon rahama. Da irin wannan lafazi ta samo burtsatse, to ina laifinsa yau?

"Ga shi kuwa cike, Madam," ta ce, muryarta da ɗan kaifi.

"Cike yake da roƙo," in ji Judith. "Roƙo yana da kyau, ni ma shi nake yi kowace Lahadi. Amma gurbin nan hujja yake nema. Gurbin sama ya tambaye ku me kuke so, kun ce kwalbati. Wannan kuma cewa yake: me ya sa kwalbati, me ya sa a nan ba can gaba ba, kuma me zai faru in ba a sa ba? Mutum bakwai za su zauna ranar Alhamis, biyar cikinsu ba su taɓa ganin gulbinku ba. Injiniya ya kawo tasa hujjar: jinga mai ƙofa ta fi saurin karyewa. Wannan magana ce da za a iya aunawa. Ku kuma fa? In na ajiye musu wannan, za su tausaya muku, su sha shayi, su sa hannu a zanen injiniya."

"Wurin na da tarihi."

"Tarihi ya ce an hana. Bai ce don me ba. Wanda ya fara hanawa yana da dalilinsa, ai ba mahaukaci ba ne. Nemo mini dalilin nan, a rubuta shi yadda wanda bai yarda da ku ba zai iya zuwa ya duba da idonsa."

Ɗayyaba ta ji kunya, ta kuma ji haushi, haushin ma ya fi yawa don ta san matar ta fi ta gaskiya. Ita da ke tsare 'yan aji shida da "don me?" har su yi kuka, yau ita aka tsare. Ta karɓi sabon fom ta naɗe a jaka. A hanyar komawa ta ga katafila daga nesa tana tura jar ƙasa, tsakaninta da mashigin bai wuce tafiyar kwana goma na aikinta ba.

Ta sami mahaifinta a ƙofar gida yana ɗinkin homa. Dankure ya haura saba'in, gajere ne, busasshe, mai idanun da ba sa gaggawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa yadda aka yi, ba ta rage kome ba.

"To ki rubuta musu akwai Goggo," ya ce, bai ɗago ba.

"Baba, katahila ba ta san Goggo ba. Mai tuƙa ta ma daga Zariya yaz zo."

"Su taɓa su gani."

"Su gani mi? Baba, ni ɗiyarka ta. Shekara talatin da huɗu ina gidan ga, ban taɓa ganin ka tsorata da wurin ga ba. Kowa in ya wuce sai ya yi addu'a, kai ko sai ka duba ƙasa awa mai biɗar allura. Mi kaka dubawa?"

Allurar ta tsaya a hannunsa. Can ya ce, "Gobe in an yi sallah, ki sa takalmin da ba ki so."

Da hantsi suka isa. Rani ya tsotse mashigin, sai ɗan laka a tsakiya da busasshiyar ciyawar burgu a gefe. Faɗinsa bai fi a jera kwalekwale uku ba. Ɗayyaba ta ji gabanta ya faɗi da ta sa ƙafa a ciki, duk da boko da duk da wa'azin da ta sha ji, don abin da aka tsorata ka da shi kana goye ba ya fita da takardar shaida. Tsohon ya wuce gaba, ya cusa hannu ƙarƙashin wata sabara, ya jawo tsohuwar fartanya da shebur mai tsatsa.

"Ga Goggo," ya ce.

Ta dube shi, ta dubi fartanyar.

Ya zauna a kan gaɓa ya ba ta labari, a taƙaice, kamar mai cire ƙaya. In ruwan fari ya sauko gulbi ya cika, uwayen kifi masu ƙwai sukan bar gulbi su nemi ruwa mai sanyin gudu da ciyawa. Duk tsawon gaɓar nan, daga nan har kusa da Augie, ba su da ƙofar shiga tabki sai wannan. Tarwaɗa, karfasa, bargi, ragon ruwa, duk ta nan suke bi, cikin kwana arba'in. Su zuba ƙwai a cikin burgu, 'ya'yan su girma, in ruwa ya fara janyewa su fito ta nan su koma gulbi. Kifin da tungar ke ci shekara duka, da wanda ake kyafawa a kai kasuwar Argungu, daga wannan 'yar ƙofa yake fitowa. Kowace shekara yashi kan toshe bakinta, shi ya sa yake zuwa shi kaɗai ya yashe kafin ruwa.

"Kakana Hodi shi yag gane haka. Yah hwaɗa wa mutane, sai sunka zo da taru sunka tare ƙohwar, kwana ukku sunka kwashe uwaye tas. Shekara biyu gulbi ba kihi, har anka ci ganye. Da abin yal lahwa sai yac ce ya ga wata tsohuwa cikin ruwa da gashi har ƙasa. Tun ran nan ba wanda yas sake kusantowa. Shi yah hwaɗa wa ubana, ubana yah hwaɗa min. Ɗa guda aka hwaɗa wa, shi ma sai an ga hurhura."

"To kazar fa?"

"Wace miya kika ci duk shekara ranar da nid dawo?"

Dariya ta kuɓuce mata har ta riƙe ciki, sannan ta ga shi ba dariya yake ba, ta haɗiye sauran. Ya ce mata abin ya daɗe yana cinsa. Liman ya yi wa'azi a kan masu yanka wa iskoki, yana sahun gaba yana ji, ya san da shi ake, ya kuma san bai taɓa yanka wa kowa kome ba sai da sunan Allah. Amma ƙarya ƙarya ce, ya ɗauke ta shekara arba'in, ya bar mutane cikin tsoron abin da babu. Ya zaɓi haka ne don ya san halin mutanensa: mai yunwa ba ya jin "bari sai baɗi".

"Kin ji hujjarki," ya ce. "In kin rubuta, sai Arzika ya sa hannu, kuma Arzika ba ya sa hannu ga abin da ba a karanta wa jama'a ba. Ran da sunka ji, Goggo ta mutu. In ba ki rubuta ba, katahila ta binne ƙohwar. Ko ta ina kihi ya shiga ukku."

Ɗayyaba ta tsaya tana kallon lakar. Ba ta ji tsoro ba, abin mamaki. Abin da ta ji shi ne irin ƙarfin da take ji in ta gane inda lissafi ya kuɓuce wa ɗalibi.

"Ba daidai suke ba, Baba. In an binne, an binne har abada. In sun sani, aƙalla akwai ƙohwar da za a yi gardama a kanta. Kuma Kaka Hodi hwaɗa musu yay yi da baki, bai sa sun ɗaure kansu ba. Ni zan sa."

Ya dube ta. "Da ke namiji ta, da tuni na hwaɗa miki."

"Ai ga shi ka hwaɗa."

Ranar nan ba ta yi gaisuwa ko ɗaya a gurbin fom ɗin ba. Ta zauna da tsohon a zaure tana tambaya yana amsawa, in ya kawo karin magana ta ce a'a, lamba take so. Wace shekara ce yashi ya toshe bakin bai samu ya yashe ba? Shekarar da aka kwantar da shi asibiti da ciwon ƙafa. Me ya biyo baya? Kowa ya tuna, baɗinta masu kyafa kifi na tungar sai da suka koma sayo na Yauri. Ta rubuta. Me ya sa ba za a matsar da kwalbatin gaba ba, inda ƙasa ta fi tauri? Don can tudu ne, ruwa ba ya hawa sai ambaliya ta kai ƙarshe, lokacin kifi ya riga ya zubar da ƙwai a banza. Ta rubuta. Ta auna faɗin mashigin da igiya, ta ɗauki hoton gurabun ƙwai da bargi ke yi a cikin busasshen burgu, zagaye kamar faifai. Ba ta ɓoye maganar injiniya ba: ta ce gaskiya ne ƙofa na raunana jinga, amma a sa mata marufin ƙarfe, a buɗe kwana arba'in na farkon ruwa da kuma lokacin janyewarsa, a rufe in gulbi ya yi hauka. A ƙarshe ta ƙara layi guda: ƙungiya ta ɗauki alkawarin hana kamu a mashigin muddin ƙofa na buɗe. Duka bai cika rabin shafi ba, kuma ya fi duk abin da ta taɓa rubutawa nauyi.

Laraba da la'asar aka taru a gindin tsamiyar bakin gulbi. Maza sun kai sittin, mata na tsaitsaye a baya. Ɗayyaba ta miƙe ta karanta da Turanci, sannan ta mayar da Hausa.

Arzika ne ya fara magana. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, mai saurin fushi da saurin hucewa. "Baba Dankure, abin ga da Malama tak karanta, ina Goggo ciki?"

Tsohon ya miƙe da sandarsa. "Babu ta. Ba a taɓa yin ta ba. Kakana yaƙ ƙaga ta, ni kuma nir riƙa. Ku yahe min."

Sai hayaniya ta ɓarke. Wani ya ce ubansa ya taɓa zane shi har ya kwanta don ya bi agwagwa cikin mashigin. Wata tsohuwa ta ce ita ta ga Goggo da idonta, kada a raina mata hankali. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "To kajinmu hwa? Kaza arba'in!" Wasu suka fashe da dariya, wasu suka ƙara harzuƙa. Arzika bai yi dariya ba.

"Ka maishe mu yara," ya ce. "Shekara da shekaru muna ratse wurin ga muna karanta Ƙulhuwallahu. Ka ga ba mu isa a hwaɗa muna gaskiya ba."

"Haka na gani," in ji Dankure. "Ko na yi kuskure, ku za ku nuna min."

Maganar ta fi zagi zafi, don ba wanda ya iya cewa ƙarya ce. Ɗayyaba ta ga fuskar Arzika ta canja, ta san lokacin ne, ta miƙa masa takardar da biro.

"Shugaba, layin ƙarshe naku na. In kun san ba ku iyawa, in soke shi, in kai sauran. Amma kwamiti za su tambaya mi zai hana a tare ƙohwar da taru, kuma ba ni da amsa sai ku."

Arzika ya juya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga buhunan da zai ɗauka. "Wanda yas san zai jehwa homa cikin kwana arba'in ɗin ga, shi tashi yanzu in gane shi." Ba wanda ya motsa. Ya sa hannu, ya danna biro har ya kusa huda takardar.

Judith ta karanta a tsaye ranar Alhamis da safe. Ta cire tabarau ta ce, "Yauwa. Yanzu ko ni da ban iya iyo ba na san abin da ake magana." A zaman kwamiti injiniya ya yi tambaya uku, ya je da kansa ranar Asabar da ma'auninsa, ya dawo ya gyara zane. Kafin ruwan farko kwalbati ya tsaya da marufinsa shuɗi.

Gulbi ya cika a tsakiyar Yuli. Da safiyar da ruwa ya fara kwarara ta ƙofar, tungar duka ta hau kan jinga, har da masu goyo. Ba wanda ya taɓa tsayawa a wurin nan ya kalla, tsawon zamani uku. Ruwan ja ne, mai kumfa. Da farko ba a ga kome ba. Sai wata mata ta yi salati, aka duba, ga bayan kifi baƙi ƙirin yana motsi a ƙarƙashin ƙafafunsu, tarwaɗa manya kamar cinyar mutum suna turereniya, karfasa na walƙiya a tsakaninsu, jere bayan jere ba iyaka. Ɗayyaba ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta kuma ga abin da ke idanun mazan, don ita ma 'yar masunci ce, ta san yadda hannu ke ƙaiƙayi.

Sirajo, wani magidanci mai 'ya'ya tara, ya zo da homa a kafaɗa, wai daga gulbi yake. Ya gangara gefen jinga a hankali, kamar ƙafarsa ce ke jansa. Ɗayyaba ta waiwayi mahaifinta. Ba shi da sauran abin da zai tsorata kowa da shi.

"Sirajo," in ji Arzika, bai ko ɗaga murya ba. "Uwaye na. Kowace guda da kag gani, kwando ɗari ta baɗi. Hawo."

"Guda biyu ɗai, Shugaba. Na miya."

"Na miyar na gulbi, ga shi can bai ƙare ba," wata mata ta ce daga sama. Wani ya ƙara, wani ya ƙara, har maganar ta zama ta kowa. Sirajo ya tsaya da ruwa a idon sawunsa, ya dubi kifin, ya dubi mutanen da zai ci gaba da zama da su. Ya sauke homar, ya hawo yana gunaguni, aka matsa masa wuri.

Dankure ya daɗe yana kallon ruwan. Hawaye na bin kumatunsa, bai share ba, bai kuma ɓoye ba.

"Ashe da sun iya," ya ce a hankali. "Ɗayyaba, ashe tun tuni da sun iya."

Ita ma ba ta sani ba. Ta riƙe masa hannu suka gangara jingar, ya ce ta bi da shi ta gidan liman, yana da maganar da zai sauke.